Dunduniyar Goggo: Nazarin Ciwon Ƙafar Wata Dillaliya a Birnin Zariya

Goggona dillaliya ce a cikin birnin Zariya, shekarunta sun ɗan haura hamsin. Atamfa take kaiwa gidaje, da leshi, da kwanukan jere. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san ƙafa ce jarinta. Takan fito daga wajen Ƙofar Doka da hantsi, ta hau Keke zuwa kasuwar Sabon Gari ta saro kaya, ta dawo ta bi lungu-lungu, gida-gida, inda abin hawa ba ya shiga, har la'asar sakaliya. Ranar karɓar zubin adashi kuwa har Tudun Wada take takawa. Duk wannan tafiyar a kan silifas take yin ta, irin na roba mai hanci ɗaya da ake samu a kowane tebur. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma da izininta na rubuta lamarinta, domin abin da ya same ta yana samun mutane da yawa a garin nan, kuma kusan kowa sanyi yake kiransa.

Yadda abin ya fara

A ƙarshen damina ciwon ya fara. Ta ce idan ta tashi sallar asuba, da ta sauko da ƙafar dama daga gado ta taka siminti, sai ta ji kamar an soka mata ƙusa a dunduniya. Sai ta dafa bango ta ɗingisa zuwa wajen buta. Kafin ta gama alwala ta yi 'yan kai-komo a tsakar gida zafin ya lafa, har ta manta da shi. Amma idan ta zauna a ɗakin wata ana ciniki, da ta zo miƙewa sai ya dawo sabo fil. Da dare kuma ƙafar duka ke mata zugi.

Ta yi abin da kowa ke yi. Ta gasa ƙafar da ruwan zafi da tsumma, ta shafa man zafi, ta sha jiƙe-jiƙen sanyi. Mai ɗori ya ce targaɗe ne ya ja mata, bai yi ba. Wata maƙwabciyarta ta ce ko ta taka wani abu ne a hanya, ita da ke shiga gidajen mutane. A ƙarshe wani mai kemis ya ba ta diclofenac, shi ne ya ɗan kwantar da zafin, sai ta mayar da shi abin sha safe da dare, sau da yawa ba ta ko karya ba. Haka ta yi kusan wata huɗu.

Ba don ƙafar ta neme ni ba. Cikinta ne ya fara zafi da ƙwannafi, har ta daina cin abu mai yaji. Da na tambayi magungunan da take sha, ta zazzage mini ƙunshin leda. Rukunin maganin kashe zafi irin su diclofenac yana cin bangon ciki idan an daɗe ana sha, yana kuma taɓa ƙoda, balle ga mai shekarunta. A ranar na sa ta ajiye shi, na kai ta ta ga likita kan cikin, sannan na ce, "Goggo, to yanzu nuna mini ƙafar da ta jawo mana wannan."

Abin da na gani

Tsakiyar hunturu ne lokacin. Kafin in taɓa ta sai na ce ta yi tafiya daga zaure zuwa ƙofar ɗaki in gani. Takunta gajeru ne, takalmin yana marin dunduniya, fat, fat, fat. Abin da na fi zuba wa ido shi ne yatsunta: duk sa'ad da ta ɗaga ƙafa sai su lanƙwashe su damƙi takalmin kada ya fita. Ba ta san tana yi ba. Da na faɗa mata ma musu ta yi, sai da ta sunkuya ta gani da idonta.

Na ɗauki silifas ɗin na juya shi. Wajen dunduniya ya suɗe, kaurinsa bai kai na kwali biyu ba, kuma ta gefen waje ya fi cinyewa, har ya karkace. Shatin ƙafarta ya fito a jikinsa, kuma shatin ya nuna dunduniyar ba a tsakiya take sauka ba, rabinta a kan bakin takalmin take faɗawa. Hancin na dama ya taɓa tsinkewa, an soke shi da 'yar ƙusa ta ƙasa, kamar yadda muke yi duka. Na naɗe takalmin da hannu ɗaya ya haɗe baki da baki ba tare da ya yi gardama ba.

Sai ƙafar kanta. Babu kumburi, babu ja, babu ɗumi fiye da ɗayar. Na danna tafin ƙafar wuri-wuri ba ta ce komai ba, sai da babban yatsana ya kai gaban dunduniya ta gefen ciki, nan ta janye ƙafar ta yi salati. Na kama babban ɗan yatsan ƙafarta na tanƙwara shi sama, sai wata jijiya ta miƙe a tafin ƙafar kamar igiya, zafin kuma ya ƙaru. Ta ce, "Haka nake ji in na yi sujada, 'yar nan." Gaskiyarta, domin a sujada ma haka yatsun ke tanƙwarewa. Sha-raɓarta ta ɗaure tamau, idan gwiwa na miƙe da ƙyar ƙafar ke lanƙwasowa sama. Dunduniyoyin biyu sun yi kaushi fari fat, faso ya tsattsaga su, ɗaya ma a ta dama ya yi zurfi har yana tsatsar jini, ƙura ta cika shi. Tsakanin babban yatsa da mai bi masa akwai kanta inda hancin takalmin ke guga.

Akwai abin da ba na tsallakewa ga duk wanda ya haura arba'in ya zo da matsalar ƙafa: sukari. Muka auna da safe kafin ta ci komai, ya fito ƙasa da 5.6 a ma'aunin mmol/L, wato lafiya lau, tunda daga 7.0 ne ake maganar ciwon sukari. Na sa ta rufe ido na riƙa taɓa tafin ƙafarta da siririn zaren gwaji, ko'ina tana ji. Bugun jini a ƙafar ma daidai yake. Hankalina ya kwanta ƙwarai, domin da sukari ne, wannan fason mai jini shi zai zama babbar magana. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji, ƙusa kan huda silifas ta shige shi ya yini bai sani ba, kuma daga irin wannan ƙaramin rauni ake kaiwa ga gyambon da ba ya warkewa, har a kai ga yanke ƙafa. Shi ya sa masana ƙafar masu sukari suka hana su tafiya ba takalmi ko da siririn silifas, a gida ko a waje.

Daga nan muka je sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, aka tabbatar da abin da nake zato: ciwon jijiyar tafin ƙafa ne. Wannan ciwo da tambaya da taɓawa ake gane shi, ba lallai sai an yi hoto ba, amma Goggo ta dage sai an ɗauki ƙashin. Hoton ya nuna wani ɗan tsiro a ƙarƙashin ƙashin dunduniya, nan fa ta tsorata, ta ce shi ne ƙusar da take ji, sai an yi mata aiki. Da ƙyar ta yarda cewa mutane da yawa suna da irin wannan tsiron ba tare da ciwo ba, kuma masu ciwon da yawa suna warkewa tsiron yana nan inda yake.

Abin da ke faruwa a cikin ƙafar

Ƙafar mutum guda tana da ƙashi 26 da gaɓa 33, kuma ba a shimfiɗe suke ba, a tanƙware suke kamar bakan maharbi. Tsirkiyar wannan baka ita ce wata faffaɗar jijiya mai tauri da ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Duk takun da mutum ya yi, nauyinsa na danne bakan, tsirkiyar na miƙewa ta riƙe. Idan jan ya yi yawa, yau da gobe, sai wurin da ta kama ƙashin dunduniya ya fara samun ƙananan yagewa, ya yi kauri, ya lalace. Da dare ƙafa na saki, jijiyar na takurewa, shi ya sa takun farko na asuba ya fi kowanne zafi: ana fizgar abin da ya kwana a ɗaure ne. An fi ganin wannan ciwo tsakanin shekara 40 zuwa 60, da ga masu jiki, da masu yini a tsaye ko a tafe.

To ina silifas ya shigo? Ba shi da abin da ke riƙe shi a ƙafa sai hanci ɗaya, don haka yatsu ne ke aikin maɗauri. A tafiya ta asali, lokacin da ƙafa ta bar ƙasa yatsu sama suke ɗagawa. Mai silifas kuwa ƙasa yake matse su, wato kishiyar abin da aka halicce su su yi a wannan gaɓar. A 2008 masu bincike a Jami'ar Auburn ta jihar Alabama a Amurka sun gwada tafiyar matasa 39 da silifas da kuma takalmin wasanni, suka ga da silifas takun mutum yana gajarta, yadda dunduniya ke sauka ma yana canzawa. Gajeren taku na nufin ƙarin yawan taku kafin a kai inda za a. Ga wanda zai je banɗaki ya dawo wannan ba komai ba ne. Ga macen da za ta zaga rabin birni da ƙunshin atamfa a ka, lissafin daban ne.

Sannan roba ce marar ƙarfi, tana suɗewa da wuri, kuma ba daidai take suɗewa ba. Da zarar gefe ɗaya ya cinye, kowane taku a karkace ƙafa ke sauka. Ƙarƙashin dunduniya akwai wani matashi na kitse da ke shanye dukan ƙasa, yana kuma raguwa da shekaru. Takalmi mai baya yana tattara shi wuri ɗaya, amma a kan silifas bajewa yake yi gefe-gefe, yana tale fatar da iskar hunturu ta riga ta busar. Asalin fason Goggo ke nan.

Goggo ta kawo mini hujjar da na sha ji. Ta ce, "Kakanninmu ko takalmin ba su da shi, har Kano suke zuwa da ƙafa, wa ya ji suna ciwon dunduniya?" Na ce, "Goggo, a kan me suke takawa?" Ƙasa ce da rairayi, masu ba ƙafa hanya. Yau ɗakinta siminti ne, tsakar gida siminti, gidajen da take shiga tayil, titi kwalta. Kuma marar takalmi yatsunsa a sake suke, ba abin da suke damƙa. Amma ban ɗora wa silifas laifin duka ba, don ba gaskiya ba ne. Shekarunta suna ciki, da jikin da ta ƙara bayan haihuwa, da nauyin kaya, da ɗaurewar sha-raɓa. Silifas ɗin ma yana da ranarsa: ya fi tafiya ba takalmi nesa ba kusa ba, yana tare kwalba da ƙaya, yana kuma kare yara daga tsutsar ciki mai shiga ta fatar ƙafa. Abin da na tsaya a kai shi ne, cikin duk waɗannan dalilai takalmin ne kaɗai za mu iya canzawa a mako guda.

Gardamar takalmi

A nan na yi kuskure. Na sayo mata kambas mai kyau, mai taushin ciki, na ɗauka magana ta ƙare. Kwana biyu ta sa shi ta tura ƙarƙashin gado. Na ji haushi, sai da ta zaunar da ni ta yi mini lissafi. A yini takan shiga gida goma sha, kuma babu ɗakin da za ta shiga da takalmi, ko ta tsaya a ƙofar mutane tana kwance igiya da kaya a kanta? Azahar da la'asar a gidan mutane suke riskarta, ta yi alwala ta zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin sau-ciki? Ga zafi in bazara ta shigo. Ta ƙara da cewa dattijuwa da hijabi da kambas, yaran unguwa kallo za su bi ta da shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da zan iya ƙaryatawa. Maza ma suna da nasu dalilin, duk wanda aka taɓa ɗauke wa takalmi mai tsada a ƙofar masallaci ba sai an gaya masa me ya sa silifas ya cika wurin ba. Mu ma'aikatan lafiya mukan ce wa mutum "ka daina sa silifas" mu wuce, alhali rayuwarsa ta yini a kan cirewa da sawa aka gina ta. Shawarar da ba ta san da alwala biyar ba, a garin nan ba za ta kai ko'ina ba.

Sai muka je wajen wani mai ɗinkin takalmi a cikin gari, da ita da tsohon silifas ɗin. Zariya ba ta rasa masu wannan hannu ba, ga dukawa tun na gado, ga kuma cibiyar nazarin fata ta ƙasa a Samaru. Ya sa ta taka kwali ya zana ƙafafunta biyu a tsaye, da yamma, lokacin da ƙafa ta fi cika. Abin da muka nema sandal ne mai faffaɗan maɗauri a kan ƙafa, da wani na roba mai talewa a baya wanda yatsa ɗaya ke zare shi. Ƙasansa mai kauri da ƙarfi, wajen dunduniya ya ɗan fi gaba tudu kamar kaurin yatsa, da soso mai taushi a ciki, da ɗan tudu a inda tafin ƙafa ya yi rami. Na nuna mata gwajin da za ta riƙa yi wa kowane takalmi kafin ta biya: ta lanƙwasa shi, idan a wajen yatsu kaɗai ya lanƙwashe ya yi, idan ya naɗe a tsakiya ko ya murɗe kamar tsumman wanki ta ajiye. Kuɗinsa ya ninka na silifas sau da yawa, ta yi ƙorafi, sai na tuna mata sau nawa take sayen silifas a shekara, da abin da ta kashe a kemis.

Silifas bai bar gidan ba. Ya koma ƙofar banɗaki da wajen alwala. Wani mai kauri kuma yana gefen gado, don kada takun farko ya sauka a kan siminti.

Sauran aikin nata ne. Kafin ta sauko da asuba, ta ɗora ƙafar a kan gwiwa ta ja yatsun baya da hannu, ta ƙirga goma, ta saki, har sau goma, ta maimaita da rana da dare. Ta dafa bango ta miƙe ƙafar baya, dunduniya a ƙasa, har ta ji sha-raɓa da agara suna ja. Da yamma ta mirgina gorar ruwan sanyi a ƙarƙashin tafin ƙafa. Ranakun sari ta ba yaro kayan ya ɗauka, zuwa Tudun Wada kuma ta hau Keke. Shi kuwa faso, ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge kaushin da dutse a hankali, ta shafa man kaɗe ko basilin ta sa safa ta kwana. Na hana ta reza, domin da ita take yanke kaushin a da. Mai zurfin na wanke shi na rufe har ya haɗe, aka kuma yi mata allurar tetanos, tunda ba ta tuna rabonta da ita ba.

Yadda ta kaya

Faso ne ya fara tafiya, cikin mako uku. Dunduniyar kuwa ta ja lokaci. Wata biyu da farawa ta ce zafin asuba ya ragu da kamar rabi, ta daina dafa bango.

Sai bukukuwan bayan ƙaramar Sallah suka zo, lokacin da dillalai ba sa zama. Ta ji sauƙi, ta bar miƙe jijiyar, ta koma silifas don ya fi saurin zurawa. Kwana goma ciwon ya dawo kamar ba a taɓa komai ba. Ta kira ni ranta a ɓace, ta ce wata ta gaya mata akwai allurar da ake yi a dunduniya a huta gaba ɗaya. Akwai ta, kuma takan kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma idan an yawaita tana iya narkar da matashin kitsen nan ko ta tsinka jijiyar, don haka likita ne ke yanke shawararta bayan sauran hanyoyi sun gaza. Na ce mata mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa cikin shekara ba allura ba aiki, amma ciwo ne mai son haƙuri. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ɗiyata, a sake daga farko."

Damina ta zo da tata matsalar. Sandal ɗin fata ba ya son ruwa da taɓon lungunan birni, sai muka nemo na roba mai kauri mai maɗaurin baya don ranakun ruwa. Cin ruwa ya so ya kama tsakanin ƙananan yatsunta, na ba ta man shafawa, na ce ta riƙa tsane wurin da ƙyalle bayan alwala.

Ganin da na yi mata na ƙarshe a watan Agusta ne, wata bakwai ke nan da fara magani. Tana sauka daga gado ba zafi, sai ranar da ta yini a Sabon Gari, washegari takan ji ɗan tsami na 'yan takun farko. Na danna gaban dunduniyar, ta ce akwai saura kaɗan. Sujada ba ta damunta yanzu. Kantar tsakanin yatsu ta baje. Cikinta ya lafa tun da ta bar ƙwayar. Na juya sandal ɗin na ga dunduniyar dama ta fara cinyewa ta gefen waje, na ce ta kai a canza masa ƙasa kafin ya karkace, kuma da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa ta dawo in duba fatar.